Kunnen Hagu

Ranar da muka je gaisuwar rasuwar Mugu, bakina ne ya jawo mana magana, kamar yadda ya saba jawo mana tun muna 'yan sakandare. Mun gaisa da mutanen gida, mun yi addu'a, mun fito lafiya lau. A bakin ƙofa ina laluben takalmina ƙafa ɗaya cikin tulin takalman jama'a, sai kuka ya ƙwace mini. Na dubi Dogo na ce, "Shi ke nan, Mugu ya tafi, duniya ta huta."

Dogo ya zare mini ido. Siriri ya yi gyaran murya irin ta manya. Da na waiga, sai ga 'yar mamacin tsaye a bayana da tiren kofuna a hannu, tana kallona. Ta ajiye tiren, ta sunkuya ta zaro takalmin nawa daga ƙarƙashin na wani, ta ajiye mini a gabana, ta koma ciki.

A mota su biyun suka yi mini wankin babban bargo. Siriri ya ce mun tsufa, muna da jikoki, kuma ba kowane wuri ne aji ba. Dogo ya ce daga yau an rufe wannan yaren a gaban iyalin mamaci, duk wanda aka tambaya ya ce bai san zancen ba. Na yi ta ba su haƙuri har muka iso, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Bari in warware muku, kada ku ma ku ɗauke ni mara imani. Shi wannan Dogo da ke jan motar, sai ya ɗora matashi a kan kujera kafin ya hango titi. Siriri kuwa shi kaɗai yake cika kujerar baya, in ya shiga sai motar ta yi ajiyar zuciya. Ni kuma Bebiya suke ce mini, kuma mijina, Allah ya ba shi lada, ya sha faɗa cewa tun da ya aure ni bai ƙara sayen batirin rediyo ba. Duk sunayen ajinmu haka suke, a baibai.

Wani malamin lissafi ne ya jawo. Mai Tausayi muke kiransa, don haka kun san irin sa. Ranar da ya karɓi ajinmu ya kafa doka: ba zagi. Duk wanda ya zagi ɗan'uwansa, zai kama masa kunne ya murɗa har sai ya ga taurari da rana tsaka. To, yaran da aka hana zagi kamar an hana su numfashi ne. Ba a yi mako ba muka samo hanya. In wani ya taka ka, sai ka dube shi ka ce, "Sannu, haziƙi." In ya zubar maka da tawada, "Madalla, ɗan albarka." Mai Tausayi ya riƙa yawo a ofishin malamai yana alfahari ya gyara aji mafi rashin kunya a makarantar.

Matsalar ta taso ne ranar da aka raba sakamakon jarrabawa, Siriri ya zo na ɗaya. Muna son mu yaba masa, amma babu kalmar da ta rage, duk mun ɓata su da zagi. Sai wani yaro mai zama kusa da taga, wanda ba ya yawan magana, ya yi lissafinsa a nutse: idan haziƙi ya zama jaki, ai jaki ya zama haziƙi. Ya miƙe tsaye, ya sa hannu ya dafe kunnensa na hagu, domin malam da hannun dama yake murɗa kuma wannan kunnen ne ya fi kusa da shi, ya ce, "Siriri, wallahi kai jaki ne." Siriri ya ji daɗi har ya rufe fuska. Malam ya ture hannun ya murɗe kunnen duk da haka. Daga ranar, duk maganar da mutum ya yi yana riƙe da kunnen hagu, a juye ake jin ta.

Wannan yaron shi ne Mugu. Mun ba shi sunan ne domin ban taɓa ganin mai sanyin hali irinsa ba. In ya yi karo da ƙofa, ƙofar yake ba wa haƙuri. Kyankyaso in ya shigo aji, mu muna neman takalmi, shi yana neman takardar da zai kwashe shi ya kai shi waje. Ya taɓa shan bulalar wani don kawai wancan ɗin yana da ƙurji a baya.

Yabon nan kuma hawa-hawa ne. Wanda ya ara maka biro, sakarai ne. Wanda ya ci jarrabawa, jaki. Aminin da za ka iya kwana da yunwa dominsa, ɗan banza. Can a ƙololuwa akwai "ba ka da amfani", wadda ba a faɗa wa mutum sai ya yi abin da ba ka da bakin gode masa. Mugu mai kyauta ne da komai, amma da wannan kalmar marowaci ne na gaske. Sau ɗaya muka taɓa jin ta a bakinsa. Dogo ne ya samu makullin motar shugaban makaranta, ya zagaya da ita filin ƙwallo, ƙafarsa ba ta kai birki ba, ya je ya rungumi ragar gola. Aka rubuta takardar kora. Mai Tausayi, mutumin da ke murɗe mana kunnuwa kullum, ya shiga ofishin shugaba ya ce in yaron nan ya tafi shi ma ya tafi. Da ya dawo aji, Mugu ya miƙe, ya kama kunne, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Malam, kai dai ba ka da amfani." Ranar kunnuwan biyu aka haɗa masa.

Bayan makaranta kowa ya kama gabansa. Mugu ya zama ma'aikacin ofishin ruwa, mai guga a riga da biro a aljihu, wanda ba ka jin muryarsa sai ka matso. Matarsa ta rasu tun yaran suna ƙanana, shi ya raine su, namiji da mace. Duk ranar Asabar yakan leƙo ofishin Dogo, inda tsofaffin ajinmu ke haɗuwa a zagi juna a more. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya daina zuwa, mu kuma muka riƙa cewa mako mai zuwa za mu je duba shi. Mun je, amma ba kamar yadda ya kamata ba.

Asabar ta biyu bayan rasuwar, da hantsi, ina shagona ina fama da wata mata da ke son tukunyar da ba ta kama abinci amma a kuɗin bokitin roba. Kayan kicin nake sayarwa, tukwane da kuloli da kofuna, shagon ya cika har sai mutum ya yi tafiyar kaguwa kafin ya iso wurina. Matar na fita, sai ga 'yar Mugu ta shigo cikin farin kayanta na nas, da alama daga aiki take. Ta gaishe ni da ladabi. Ta ɗauki wani murfin tukunya ta juya shi, ta mayar.

"Mama, ba sayayya na zo yi ba," ta ce.

"Na sani, 'yata. Zauna. Wallahi abin da kika ji ran nan..."

"Ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ce. Ku da kuka san shi tun yana yaro, mugu kuke ce masa. Ina so in san ko dama can haka yake, ni ce ban sani ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ban san yadda aka yi ba, na rufe. Nas-nas ɗin nan suna da wani ɗaga hannu da ke tsayar da mutum.

Ta ba ni labari tana kallon kulolin da ke bayana. Tun da ya kwanta ita ke jinyarsa. Ta dawo daga jinyar mutane a asibiti, ta ɗora da tasa a gida: wanka, juyi, magani, canjin zanin gado, abinci cokali-cokali. Yayanta yana wani gari mai nisa, sai dai ya bugo waya, uban ya saurara ya ce, "Madalla, ɗan albarka." Ita kuwa bai taɓa ce mata komai ba, ba yabo ba fallasa, dama shi ba mai magana ba ne a gida. Ranar da zai rasu, da safe, ta gama goge masa jiki, ta gyara masa filo, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Ke kam ba ki da amfani." Bai sake magana ba har rai ya yi halinsa.

"Tun ranar ban yi barcin kirki ba, Mama," ta ce. "Ina ta neman abin da na rage masa."

Abin da ya kamata mace mai hankali ta yi shi ne ta jawo ta ta rungume. Ni tafi na yi. Na tafa hannu har wani ludayi ya faɗo daga ƙusa, na ce, "Kai, 'yar nan, kin ci gari. Ba ki da amfani ya ce miki? Da bakinsa?"

Kallon da ta yi mini, da zare ne da ya ɗaure ni. Sai na hau bayani, kuma kun san bayanin mai suna Bebiya. Na faro daga Mai Tausayi, na ratsa ta kyankyaso, na faɗa mata launin motar shugaban makaranta, na koma kan wata yarinya da ba ta cikin labarin ma, na dawo kan jaki. Ta bar ni har numfashina ya ƙare.

"Na gode, Mama," ta ce a hankali. "Kina da kirki. Amma aikina ke nan. Sau nawa na ce wa dangin mamaci bai sha wahala ba, alhali a gabana ya sha ta. Na san ƙaryar tausayi in na ji ta. Taki ma ta fi tawa ado."

Nan raina ya ɓaci, kuma ya yi mini ciwo. An sha ce mini mai surutu, na amsa, amma ba a taɓa ce mini maƙaryaciya a cikin shagona ba. Abin da ya fi damuna kuma, yarinyar nan za ta fita ta ci gaba da ɗaukar wannan dutsen har ƙarshen ranta, a kan maganar da ubanta ya yi shekaru yana ajiye mata.

"Tashi mu je," na ce. "Yau Asabar, sauran suna ofishin Dogo. Gani ya kori ji."

Ta yi ɗan tunani. "Da sharaɗi. Ki ba ni wayarki. In mun je kuma ba za ki ce komai ba, ko kalma ɗaya. Ni zan yi tambaya."

Na miƙa mata wayar, na rantse. A lokacin ban san girman abin da na ɗaukar wa kaina ba.

Dogo makarantar koyon tuƙi gare shi, wanda ya san tarihinsa sai ya yi mamakin ikon Allah. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya. Bango duk alamomin hanya, a kan tebur an zana shataletale da fenti, ga ƙananan motocin wasan yara da yake koya wa ɗalibai wa zai fara wucewa. Mun same shi a kan kujerarsa, matashi biyu a ƙarƙashinsa. Siriri, wanda ya yi ritaya daga kamfanin inshora, yana kan benci da jarida da shayin da matarsa ta hana a sa masa sukari. Muna hawa matakala ina jiyo Dogo yana ce masa wani abu mai daɗi, amma ƙarar injin hura taya ta cinye maganar.

Suna ganin wadda ke bayana, sai ka ce an shigo da alƙali. Dogo ya diro daga kujera, Siriri ya naɗe jarida ya gyara hula. Aka yi gaisuwa, aka sake yin ta'aziyya, aka ba ta kujerar ɗalibai. Ni na raɓe a gefen tebur.

"Lafiya, Bebiya?" in ji Dogo. Sai ya tuna, ya gyara. "Wato, lafiya, 'yar'uwa? Yau ba magana?"

Na nuna maƙogwarona. Siriri ya ɗaga ido sama, na ga leɓensa yana motsi, na san godiya yake wa Allah.

"Baba, na zo ne in ji labarin mahaifina a makaranta," in ji yarinyar. "Wane irin mutum ne?"

"Mutumin kirki," in ji Siriri.

"Mutumin kirki ƙwarai," in ji Dogo.

"Haziƙi," Siriri ya ƙara, ya ɗan yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa. "Ɗan albarka."

Na rufe ido. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa yi wa Mugu irin wannan zagin, sai da ya mutu, kuma daga bakin aminansa.

"Wane suna kuke kiransa da shi?"

Suka dubi juna, sannan suka dube ni da harara, irin ta ga abin da kika jawo. Dogo ya ce, "Suna? Ai sunansa muke kiransa."

"Na ji Mama ta ce Mugu."

"Kunne ne, 'yata," in ji Siriri da muryar da yake hana mutane kuɗin inshorarsu. "Wurin makoki akwai hayaniya. Wataƙila cewa ta yi mun gu... wato, mun gode."

"Ta ce wai kuna da wani yare na baibai, zagi ya zama yabo."

"Mu?" Dogo ya dafe ƙirji. "Makarantarmu akwai tarbiyya. Malaminmu ko kallon banza ka yi wa mutum sai ya hukunta ka."

"Ita wannan baiwar Allah," in ji Siriri yana nuna ni da jarida, "zuciyarta fes take, amma tun muna yara in ta fara labari ita kanta ba ta san inda zai sauke ta ba. Ki yi haƙuri da ita. Shekaru ne."

Ni da na girme shi da wata biyu kacal. Maganganu suka taru mini a wuya har ina jin su suna tunkuɗar juna. Na cusa bakin gyalena a baki na cije. Na miƙa hannu a hankali na ɗauki wata jar motar wasa na kifar da ita, tayoyi a sama, ina kallon Dogo, ko zai gane baibai nake nufi. Ya ɗauke ta ya mayar da ita daidai, ya ce, "A daina wasa da kayan aiki." Na kifar da kofin da ke gabana. Ashe da sauran shayi a ciki, ya malale a kan shataletale. Yarinyar ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan, na naɗe hannuwana.

Suka ci gaba da jero mata kyawawan halayen ubanta, irin waɗanda ake faɗa a kan kowane mamaci, har wanda ya ci amanar unguwa. Mai haƙuri ne, mai zumunci ne, ba ruwansa da abin wani. Duk gaskiya ne, amma ko kaɗan Mugu ba ya ciki. Ina kallon fuskarta tana rufewa a hankali. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ni na kawo ta da ƙafata a tabbatar mata ƙarya na yi.

Ta miƙe, ta ciro wayata daga jaka ta ajiye mini a kan tebur, wajen da shayi bai kai ba.

"Na gode, iyayena," ta ce. "Kada ku ga laifin Mama, so ta yi ta sanyaya mini rai. Dama ba wani abu ba ne. Kafin ya cika ne ya ce mini ba ni da amfani, shi ne na so in san ko akwai wata fassara."

Ta juya za ta fita. Jaridar Siriri ta faɗi ƙasa.

"Ya ce miki me?"

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Ke kam ba ki da amfani."

"Ke?" in ji Dogo. Muryar ta'aziyyar nan duk ta gudu, ta ainihin ta dawo. "Ke ya ce wa haka? Siriri, ka ji fa."

"Na ji," in ji Siriri, fuskarsa ta kumbura kamar yaron da aka hana rabo. "Ni da na tsaya masa a aurensa. Ni da na yi ta zirga-zirga har aka biya shi haƙƙinsa na ritaya. Ka san abin da na samu? Jaki. Jakin da na riga na samu tun muna aji uku."

"Kai ka samu jaki ma. Ni na koya masa mota kyauta, ya kashe mini kuloci biyu, iyakata sakarai. Sau ɗaya ya ce mini ɗan banza, shi ma sai da na kwanta asibiti."

"Marowaci," in ji Siriri.

"Mugu dai, Mugu," in ji Dogo, muryarsa ta fara rawa.

Sai a lokacin suka tuna da wa suke magana. Yarinyar tana tsaye, hannunta a kan mariƙin ƙofa, tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Na ga tana so ta yarda, amma tana tsoro.

Dogo ya share hanci da bayan hannu. Shi mutum ne mai bin ƙa'idar hanya, ba ya shiga sai ya duba madubi. Ya ce, "Tsaya tukuna, 'yata, kada mu yi murnar banza. Da ya faɗa, ya kama kunne?"

Duk surutun da na zuba mata a shago, har da launin mota, wannan kaɗai ne ban faɗa mata ba.

Ta saki ƙofar.

"Hannunsa ba ya ɗaguwa sosai a lokacin," ta ce. "Na ga yana ta kokawa da shi, yana kai shi wajen kai. Da ƙyar ya kai. Ya riƙe kunnen, sannan ya yi maganar."

"Wanne?"

Ta rufe ido, ta juya jikinta kaɗan kamar tana tsaye a gefen gadon. "Na wajen taga. Na hagu. Na zaci jan kunne yake yi mini. Daga baya na ce ko ƙaiƙayi yake masa, har na ɗauko auduga na goge masa."

Siriri ya fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, benci yana ta ƙara a ƙarƙashinsa. Dogo ya juya yana gyara wata alamar hanya da ba ta karkace ba. Ita kuwa ta koma kan kujerar ɗalibai ta kifa kai a tebur, tsakanin motocin wasa, ta yi kukan da na tabbata tun ranar rasuwar take riƙe da shi. Na matsa na dafa bayanta. Ba wanda ya hana ta.

Da ta ɗago, Dogo ya ba ta tsumman goge gilashin mota, mai tsabta dai, ta share fuska. Suka ba ta labarin Mai Tausayi da ragar gola, suna katse juna, kowa yana gyara wa ɗan'uwansa. Labarin da na ba ta ne sak, sai dai nawa ya fi tsawo. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar ubanta ce, mara sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Can sai ta tsaya. "To, yayana fa? Kullum ɗan albarka yake ce masa."

Dogo ya dubi silin. Ni na dubi farcena. Siriri ya gyara zama, ya ɗauko muryar ofis.

"A waya yake faɗa masa?"

"E."

"Wayar a wane kunne?"

"Na hagu."

"To, mutumin da hannunsa ke kan kunne saboda waya, ba a iya yi masa shaida," in ji Siriri. "Mu bar wa Allah sani. Kuma kada ki faɗa wa yayanki."

Ta yi alkawari. Sannan ta juyo wurina ta ce, "Mama, na sake ki. Yi magana."

Na buɗe baki. Ga maganganu nan tun ɗazu suna layi, amma na duba cikinsu ban ga wadda ta dace ba. Na ce mata kawai ta riƙa zuwa ranar Asabar in ba ta da aiki, akwai kujerar da ba mai zama a kanta yanzu. Dogo ya ce rabonsa da ya ji na yi magana gajeriya haka tun ranar da aka cire mini haƙori.

Ta rataya jakarta, ta je bakin ƙofa, ta tsaya. Ta juyo tana kallonmu mu uku, tsofaffin banza, kowa ido jawur. Ta ɗaga hannu a hankali ta kama kunnenta.

"Mugun uba ne," ta ce. "Ban taɓa son sa ba. Kuma ko kaɗan ba na kewarsa."

Sai Dogo ya yi gyaran murya, a hankali, irin yadda yake wa ɗalibin da ya kunna sigina ba daidai ba.

"Na hagu, 'yata," ya ce.

Ta sauya hannu, ta sake faɗa daga farko.